Idan aka gina gida ɗari a Zariya, wa za a fara miƙa wa mukulli?

Baban Sadiya (Tudun Wada):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna ta cikin natsuwa. Kowace gwamnati ta hau sai ta ce za ta gina wa talaka gida. Tun zamanin Shagari ake wannan, lokacin da aka tsara gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, shi ya sa har yau garuruwa da yawa suke da unguwar da ake kira Lokos. A 2024 ma gwamnatin tarayya ta buɗe nata shirin na Renewed Hope, har da shafin intanet na neman gida. Ni ba ginin ne ya dame ni ba, rabon ne. A ce gobe an gama gida ɗari a hanyar Dakace ko ta Shika, mutum dubu goma sun miƙa takarda. Da wane ma'auni za a ce wannan ya fi wancan buƙata? A ganina ba mu taɓa samun wannan ma'aunin ba. Abin da ake dubawa biyu ne, wa zai iya biya, wa kuma yake da hanya. Ina so in ji daga gare ku.

Maman Ilham (Gyallesu):
Wa'alaikumus salam Baba. Wallahi ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Maƙwabciyata mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar a ɗaki ɗaya na haya. Da damina in hadari ya haɗu, sai ta naɗe katifa ta jingine a bango, ta jera bokiti da roba a inda kwanon yake zuba, yaran su kwana a zaune a lungun da ya rage. Babban namijin ya kai shekara goma sha huɗu, a zauren gidan yake kwana tare da babur ɗin mai gida. Wainar da take soyawa da safe ita ce cinsu, ita ce kuɗin hayarsu. Ku gaya mini, wannan matar ina za ta ga fom ɗin intanet? Ko an cike mata, wane banki ne zai kalle ta?

Injiniya (Hanwa):
Hajiya, bari in kawo lissafin don a ga ba zato ake yi ba. Asusun gidaje na ƙasa an kafa shi da doka a 1992. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata, bankin lamunin gidaje na tarayya, wato FMBN, shi yake riƙe da kuɗin. Rancensa yana da sauƙi in aka gwada da na sauran bankuna, ruwan kashi 6 ne, ana iya biya har shekara 30. To a ce gidan miliyan 8 ne. In ka raba shi a kan wannan ruwan cikin shekara 30, abin da zai faɗo maka duk wata ya kusa naira 48,000. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kaduna naira 72,000 ne. Ƙa'idar masu ba da rance kuma ita ce biyan bashi kada ya haura kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu, wato 24,000 ke nan. Ka ga masinja da mai shara da gwamnati take biya ma bai kai ba, balle mai waina wadda ba ta da takardar albashi. Ana cire masa kuɗin asusun duk wata, amma gidan na wanda ya fi shi mataki ne.

Baban Sadiya (Tudun Wada):
Allah ya saka da alheri Injiniya. Wannan ke nan ya nuna abu biyu muke cakuɗawa. Gida mai rahusa da ake sayar wa ma'aikaci daban, gidan da hukuma take riƙe da shi tana bai wa mabuƙaci haya kaɗan daban. Na farkon muna da shi ko yaya ne. Na biyun shi ne babu, kuma shi nake magana a kai.

Anti Nas (Ingila):
Salamu alaikum. Baba, tunda ina nan bari in faɗi yadda suke yi, don aikina yana haɗa ni da masu nema. A nan ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin gidaje ne suke da gidajen, haya suke bayarwa ƙasa da ta kasuwa. Dokar gidaje ta 1996 ta lissafa waɗanda dole a fifita: wanda ba shi da wurin kwana, wanda yake zaune a cunkushe ko a gidan da zai cutar da lafiya, wanda ciwo ko nakasa ya sa gidansa bai dace da shi ba, da wanda in bai koma wata unguwa ba zai shiga wahala, kamar mai jinyar iyaye. Yawancin hukumomi suna kasa masu nema rukuni-rukuni, daga na gaggawa zuwa na ƙasa. In gida ya fito sai a tallata shi, masu so su nuna sha'awa, a bai wa wanda ya fi girman rukuni. In biyu suka yi kunnen doki, wanda ya riga shiga layi shi ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne cunkoso ba da baki ake faɗinsa ba, ƙirga shi ake yi. Miji da mata ɗaki ɗaya. Yara biyu 'yan ƙasa da shekara goma za su iya haɗa ɗaki ko da mace da namiji ne. Da sun kai goma, ba a lissafa namiji da mace a ɗaki ɗaya. Sai a duba ɗaki nawa iyalin suke buƙata, nawa suke da shi, gibin shi ne makinsu. Maƙwabciyar Maman Ilham da a nan take, gibin ɗakunanta da zubar rufinta kaɗai sun isa su ɗaga ta sama.

Amma kada wani ya ɗauka aljanna ce. A 2024 iyali sama da miliyan 1.3 ne suke jira a Ingila. Mai neman gida mai ɗaki uku ko huɗu a Landan yana iya shafe shekaru masu yawa bai samu ba.

Malam na Kusfa:
Bismillah. 'Yata, wannan magana ta shekara goma ai tamu ce. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, in sun kai goma a raba musu wurin kwanciya. Mu muna karantar da shi a zaure, amma ba mu taɓa tambayar uban da yake ɗaki ɗaya yadda zai yi aiki da shi ba. Wannan abin kunya ne a gare mu malamai da masu hali baki ɗaya.

Ina da gargaɗi guda a kan duk tsarin da ya dogara da sai mutum ya kawo kansa. Aya ta 273 a Suratul Baƙara ta yi maganar mabuƙatan da wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kansu, ba sa naci wajen roƙon mutane. Cikin birnin nan akwai su da yawa. Gidan gado ne, sunan gidan babba, katangar ta tsage tun daga tushe, iyali huɗu suna bin masai ɗaya, amma dattijon gidan ya gwammace soron ya faɗo masa da ya je ya bi layi a sakatariya. In aka ce sai wanda ya cike fom, waɗannan an zubar da su ke nan.

Ɗan Kwarbai:
Allah ya gafarta Malam, ka zo daidai inda nake jira. Shi ya sa ni ban yarda da wannan maki da kwamfuta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna da mai unguwa, muna da dagaci, muna da hakimi, har zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau. Mai unguwarmu ya san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Ya san matar da aka saka jiya, ya san wanda ya sayar da gonarsa ya yi jinya. Wane ma'aikaci ne daga Kaduna zai zo da takarda ya san wannan cikin minti goma? A ba kowane mai unguwa kasonsa, ya kawo suna, liman ya shaida, magana ta ƙare.

Maman Ilham (Gyallesu):
Yaya Ɗan Kwarbai, ban raina masu unguwa ba, iyayenmu ne. Amma ka tuna rabon kayan tallafin korona, ka tuna rabon taki. Su wa sunansu ya fara fita? Ni na gani da idona a wani rabo, an rubuta matan gida ɗaya su uku, gwauruwar da take bayan gidan ba a rubuta ta ba, don ba ta da namijin da zai je ya tsaya mata a ƙofar gidan mai rubutu. Buhun shinkafa ke nan. Ina ga gida sukutum? Kuma mai unguwar kirki ma, ranar da aka ce shi zai raba gida, ka jefa shi cikin masifa. Ƙanwarsa za ta zo, surukinsa zai zo, kansila zai aiko da takarda. Ya ƙi, ya ɓata da dangi har abada.

Ɗan Kwarbai:
To ma'aikacin gwamnati mala'ika ne? Shi ba shi da ƙanwa? Gara wanda in ya zalunce ni zan same shi a masallaci da asuba, da wanda zai sa hannu ya hau mota ya koma Kaduna.

Lauya (Kongo):
Ku biyun duk kuna da gaskiya, kuma akwai abin da aka riga aka gwada da ya ɗan haɗa maganarku. Rijistar talakawa ta ƙasa da ake amfani da ita wajen tallafin kuɗi, yadda aka tsara ta a takarda shi ne a shiga gari a tara maza daban, mata daban, matasa daban. Kowane rukuni ya faɗi me ake nufi da talaka a garinsu, ya lissafa gidajen. A haɗa jerin uku a gaban jama'a, sannan ma'aikata su bi gida-gida su ga ɗaki da rufi da abin da aka mallaka. Na san an yi ƙorafi sosai a kan rijistar, har gwamnoni sun nuna shakku a kanta a 2023. Amma dabarar raba mata su yi nasu jerin, ita ce za ta ceci gwauruwar da Hajiya ta ambata.

Ta fuskar doka kuwa, sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati ta karkata manufofinta wajen samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni da ya dace. Sai dai yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana a kai gwamnati kotu a kansa. Don haka in ana son mabuƙaci ya sami abin riƙewa, sai majalisar jiha ta yi dokar rabo, ta rubuta ma'aunin a ciki, ta ba wanda aka tsallake damar ɗaukaka ƙara.

Mai Shago (Sabon Gari):
Ni dai a yi ƙuri'a kawai. A zuba sunaye a ganga a filin ƙwallo, a kira yaro ya ɗebo. Wanda Allah ya ba shi ne. Duk wani maki da kuke faɗa, mutum ne zai rubuta shi, kuma wanda yake da uwa a gindin murhu ba zai ci tuwonsa gaya ba.

Injiniya (Hanwa):
Alhaji, Habasha sun yi hakan a Addis Ababa. Gidajen bene ne, mutum ya yi rijista ya riƙa ajiya a banki, sannan a fitar da masu rabo ta ƙuri'a, an kuma ware wa mata kashi 30. Ya rage surutun son kai, amma sai da mutum ya iya tara kuɗin farko kafin ya shiga. Da yawa cikin talakawan da suka ci sai suka ba da gidan haya suka koma inda suka fito, don ba za su iya biyan banki ba.

Baban Sadiya (Tudun Wada):
Alhaji, ban yarda da ƙuri'a tsagwaronta ba, kuma zan faɗi dalili. Ganga ba ta san bambancin saurayin da yake son ya bar gidan ubansa don ya yi aure, da gurgun da ake ɗauka a kai shi bayan gida saboda matakala ba. Dukansu suna da buƙata, amma ba ɗaya ba ce. In muka miƙa wa ganga, mun guje wa zargi ne kawai, nauyin da yake wuyanmu na mu duba mu auna bai sauka ba. Inda ƙuri'a take da amfani shi ne bayan an tace. A ce an auna an sami iyali ɗari uku da halinsu ya kai maƙura, gida kuma ɗari ne. A nan kam ba mai iya cewa wannan marainiyar ta fi waccan, sai a jefa ƙuri'a a bainar jama'a.

Ga yadda nake hango shi. Jerin farko ya fito daga unguwa, kamar yadda Ɗan Kwarbai yake so, amma ba daga bakin mutum ɗaya ba, mata su yi nasu zaman kamar yadda Lauya ya kawo. Wannan zai kamo masu kamun kan da Malam ya ambata, tunda wani ne zai faɗi sunansu. Sannan a je a gani da ido, a ƙirga kai a ƙirga ɗaki, a dubi rufi da katanga, a dubi takardar asibiti, a dubi ko ruwan Kubanni yana shiga gidan duk damina. Abin da aka gani a ba shi maki da aka sanar tun kafin a fara, kada a ƙirƙiro shi bayan an ga sunaye. Sai a liƙa jerin a ƙofar hakimi da sakatariya na wasu makonni, duk wanda ya san wani a ciki yana da fuloti a unguwar Graceland ko gida a Kano ya zo ya faɗa. Mutanen Zariya ba sa rasa sanin abin da maƙwabci ya mallaka.

Malam na Kusfa:
Malam Baban Sadiya, liƙa suna ya ɗan tsaya mini a rai. Tona asirin mabuƙaci ba ƙaramin abu ba ne. Yarinyar da za a nema aure, a ce ga sunan ubanta a bango cikin matalauta?

Baban Sadiya (Tudun Wada):
Allah ya gafarta Malam, na ji nauyin wannan. To a liƙa suna da unguwa kawai na waɗanda suka kai matakin ƙarshe, ban da ciwonsu da sirrin gidansu. Amma in aka ɓoye jerin gaba ɗaya, wallahi a cikin duhun nan ake sauya sunaye. Kuma ranar da mutum ya tare, ai kowa zai gani.

Anti Nas (Ingila):
Baba, ku ƙara da maganar sayarwa, don ita ta karya su a nan. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba 'yan haya damar sayen gidajen hukuma da rangwame. An sayar da kusan miliyan 2 a Ingila, ba a gina madadinsu daidai da haka ba. Waɗanda suka saya sun ji daɗi, jikokinsu ne suke layi yanzu. Wasu gidajen ma sun koma hannun masu ba da haya da tsada.

Injiniya (Hanwa):
Mu ma ai an yi. Gwamnatin Obasanjo ta sayar da gidajen ma'aikatan tarayya, ta El-Rufai ta sayar da kwatas-kwatas na jiha da ta ce ba na dole ba ne. Afirka ta Kudu kuwa kyauta suke ba iyalin da samunsu bai wuce rand 3,500 a wata ba, da sharaɗin ba za a sayar ba sai bayan shekara 8, kuma duk da haka ana sayarwa a ɓoye. Mutumin da yunwa ta kama in ka ba shi kadarar miliyoyi, dillali yana bakin ƙofa kafin fenti ya bushe. Ni ina tare da haya mai sauƙi, gida ya zauna a hannun hukuma ko a matsayin waƙafi.

Ɗan Kwarbai:
Haya kuma? Bahaushe ba ya jin ya yi gida sai ya san 'ya'yansa za su gada. Ka ce wa bazawara ta zauna, in ta mutu a kori marayu?

Injiniya (Hanwa):
Ba kora ba. In yaran ƙanana ne su ci gaba da zama. In sun girma sun kama sana'a, a sake aunawa. Wata mai yara biyar tana jiran ɗakin.

Mai Shago (Sabon Gari):
Akwai abin da duk kuka tsallake. Kakana ya zo Sabon Gari aikin jirgin ƙasa, a nan aka haifi ubana, a nan aka haife ni, a nan nake biyan haraji. In an zo rabon nan, za a ce in kawo takardar asalin ƙaramar hukuma ko? In haka ne, ni da maƙwabtana Yarbawa da Ibo da Nufawa mun fita tun kafin a fara.

Lauya (Kongo):
Alhaji, sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalin garinsu ko ƙabila ko addini, kuma wannan sashen ana iya zuwa kotu a kansa. Abin da ya dace a nema shi ne shaidar zama, kamar a ce shekara biyar ko goma a Zariya ko Sabon Gari. Jihar Kaduna tana da katin mazauna, ga rasit ɗin haya, ga makarantar yara, ga mai unguwa. Wannan zai hana wanda ya sauka a Kwangila jiya ya shiga gaban wanda ya tsufa a nan. Sai dai a bar ƙofa ga waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari, don su ba da son ransu suka zo ba, kuma suna cikin mafi tsananin hali. Wasunsu a kangon da ba a gama ba suke kwana, buhu ne labulen ƙofa.

Ɗan Kwarbai:
Na yarda da shaidar zama. Amma ina nan a kan bakana, duk kwamitin da ba mai unguwa a ciki ba zai san kowa ba.

Maman Ilham (Gyallesu):
Ya zauna a ciki Yaya, ba wanda ya hana, kada dai alƙalamin ya zama a hannunsa shi kaɗai. Ni saura tambaya ɗaya gare ni, kuma ina so Lauya ya amsa. In an ba iyali gida saboda yawan yara, sunan wa za a rubuta? Don mun sha gani, miji ya sami wuri, bayan shekara ya saki uwar yaran ya kawo amarya, ita da yaran da aka ba da gidan dominsu su koma ɗakin tsohuwarta a cikin gari.

Lauya (Kongo):
Hajiya, tunda gidan na hukuma ne ba na mijin ba, ita take da ikon sa sharaɗi. A rubuta sunan miji da mata duka a takardar hayar, a kuma rubuta cewa in aure ya mutu, zama yana bin wanda yaran suke hannunsa. Wannan bai taɓa hukuncin gado ko na saki ba, yarjejeniyar haya ce kawai. Inda zai yi wuya shi ne mai mata biyu ko uku, ko za a lissafa su iyali ɗaya ko kowace da 'ya'yanta daban. Wannan sai Malam ya taimaka mana.

Malam na Kusfa:
Kowace mace tana da haƙƙin matsuguninta a kan mijinta, wannan ba saɓani. A wajen awo kuwa, ni ina ganin a ƙirga kowace da 'ya'yanta, amma kada a ba namiji ɗaya gida biyu alhali wata ba ta sami ko ɗaya ba. Zan duba abin da malamanmu na Malikiyya suka ce a babin ciyarwa da matsuguni, in kawo muku bayan sallar isha'i in sha Allahu.